Fashin baƙi: wai me ake nufi da "woke", kuma daga ina kalmar ta fito?

Duk wanda yake leƙa Twitter da yanzu ake ce wa X, ko Facebook ko TikTok, ya san kalmar woke, ko bai san ma'anarta ba dai ya taɓa ganin an jefi wani da ita. A wurare da yawa yanzu zagi ce kawai, in ana gardama aka ce wa mutum "ai kai woke ne" toh shikenan an gama da shi, ba wanda zai ƙara sauraron hujjarsa. Abin da yake damuna shi ne yawancin masu faɗinta, da masu zagin da ma waɗanda ake zagi da ita, ba su san kalmar nan tana da masu ita ba. Baƙaƙen fatar Amurka ne masu ita, jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyarmu, kuma wallahi ba cikin wasa ko gayu suka ƙirƙire ta ba, cikin tsoron mutuwa suka ƙirƙire ta.

Bari mu fara da ita kalmar kanta. A turancin makaranta wake shi ne farkawa daga barci, woke kuma shi ne ya farka, wato abin da ya riga ya wuce. In kana so ka ce mutum idonsa biyu sai ka ce awake. Toh su baƙaƙen Amurka suna da nasu karin turancin mai nahawunsa daban, a nasu bakin woke ɗin nan suke sawa a gurbin awake, in suka ce stay woke suna nufin ka zauna idonka biyu, kada barci ya ɗauke ka. Iyakar nahawun kenan. Sauran duk tarihi ne, kuma tarihin ne abin ji.

A watan Maris na 1931 aka tsayar da wani jirgin ƙasa na ɗaukar kaya a jihar Alabama, lokacin ana tsakiyar matsin tattalin arzikin nan da ya sa talakawan Amurka, farare da baƙaƙe, suke ɗarewa jiragen kaya ba tikiti suna yawon neman aiki gari-gari. Aka sauko da samari tara baƙaƙen fata, yara ne fa, babbansu bai wuce shekara 20 ba, ƙananan cikinsu kuwa shekarunsu ba su wuce 13 ba. Wasu mata biyu farare da suke cikin jirgin suka ce samarin sun yi musu fyaɗe. A Alabama ta wancan zamanin wannan zargin kaɗai ya isa a rataye baƙar fata a bishiya ba tare da an je gaban alƙali ba, kuma haka ya kusa faruwa, don jama'a sun taru a bakin gidan yarin garin Scottsboro suna neman a miƙo musu su, sai da aka turo sojoji. Cikin 'yan kwanaki aka yi shari'a aka gama, masu taya alƙali yanke hukunci dukkansu farare ne, aka yanke wa takwas daga cikin yaran hukuncin kisa. Daga baya ɗaya daga cikin matan, Ruby Bates, ta fito a kotu a 1933 ta ce ƙarya suka yi, ba wanda ya taɓa su, amma duk da haka aka ci gaba da samun yaran da laifi. Sau biyu maganar tana zuwa Kotun Ƙolin Amurka, a 1932 kotun ta ce ba a ba su lauyan kirki da zai kare su ba, a 1935 kuma ta ce an hana baƙaƙen fata shiga cikin masu taya alƙali yanke hukunci da gangan. Ba a kashe kowa a cikinsu ba a ƙarshe, amma wasunsu sun shafe shekaru da yawa a kurkuku, ƙuruciyarsu duk ta ƙare a can. Ɗaya daga cikinsu, Clarence Norris, sai a 1976 aka yi masa afuwa, ukun ƙarshe kuwa sai a 2013 jihar Alabama ta wanke su, bayan dukkansu sun daɗe da mutuwa.

Me ya haɗa wannan da woke? Wani mawaƙi baƙar fata da ake kira Lead Belly ya yi waƙa a kan yaran nan, an naɗi muryarsa a 1938, bayan ya gama waƙar sai ya yi ɗan jawabi yana gargaɗin 'yan uwansa cewa duk wanda zai ratsa ta Alabama ya yi taka-tsantsan, ya buɗe idonsa, a nan ya ce stay woke. Wannan yana cikin wurare mafi daɗewa da aka samu kalmar a naɗe da wannan ma'anar, amma yadda ya faɗe ta ba tare da wani bayani ba ya nuna maka cewa mutanensa sun riga sun san ta, magana ce ta cikin gida. Kuma ka lura ba maganar ra'ayi ko aƙida yake yi ba sam. Irin maganar da uwa take yi wa ɗanta ce in zai bi hanyar da ta san ana tare mutane, kada ka yi dare, kada ka tsaya inda ba ka san kowa ba, in kunne ya ji jiki ya tsira. A lokacin akwai garuruwa a Amurka da in rana ta faɗi baƙar fata yana ciki toh ya kuka da kansa, wasu ma har allo suke kafawa a bakin gari suna faɗin hakan. A 1955 aka kashe Emmett Till a Mississippi, yaro ɗan shekara 14 da ya je hutu wajen dangi daga Chicago, saboda zargin ya yi wa wata farar mata magana ko fito, waɗanda suka kashe shi kuma kotu ta sallame su. Mutanen da suke rayuwa a irin wannan hali in suka ce ka zauna a farke, ran mutum ake magana.

Akwai kuma wata jijiya ta biyu da ta shafi farkawar tunani, wato ka san tarihinka, ka gane yadda ake juya ka. Marcus Garvey, ɗan Jamaika mai kiran baƙaƙen duniya su haɗa kai, tun a 1923 yake kiran Afirka ta farka. Ma'anonin nan biyu suka haɗu a kalma ɗaya, kula da kanka a kan titi, kuma ka fahimci tsarin da ya sa titin yake da haɗari gare ka.

A 1962 wani marubuci baƙar fata, William Melvin Kelley, ya yi rubutu a jaridar New York Times ya sa woke a taken rubutun. Abin da ya tattauna a ciki shi ne yadda fararen fata masu son gayu suke kwasar kalmomin baƙaƙe suna yayi da su, su kuma baƙaƙen da zarar sun ga an kwashe sai su bar ta su ƙirƙiro wata. Ni wannan yana taɓa ni sosai, don mutumin ya bayyana abin da zai sami woke ɗin kanta tun fiye da shekara 50 kafin ya faru.

Daga nan kalmar ta ci gaba da zamanta a cikin gida, sai 2008 da mawaƙiya Erykah Badu ta sa ta a amshin wata waƙarta, matasa suka sake ɗauka.

Fitowarta duniya kuwa jini ne ya fito da ita. A 2012 aka harbe Trayvon Martin a Fulorida, baƙar fata ɗan shekara 17, yana dawowa daga shago ba makami a hannunsa, a 2013 kotu ta wanke wanda ya harbe shi, daga nan ne wasu mata uku suka fara taken Black Lives Matter, wato rayukan baƙaƙen fata ma suna da daraja. Ɗaya daga cikinsu ma, Opal Tometi, iyayenta 'yan Najeriya ne. Sai kuma ranar 9 ga Agusta 2014 ɗan sanda ya harbe wani baƙar fata, Michael Brown, mai shekara 18 a garin Ferguson na jihar Missouri, aka bar gawarsa a kan kwalta kusan awa huɗu cikin rana mutanen unguwa suna kallo. Gari ya rikice, zanga-zanga ta ɓarke, 'yan sanda suka fito da motoci masu sulke da barkonon tsohuwa, masu zanga-zanga kuma suna ta aika wa juna saƙo a Twitter da taken StayWoke, wato ka sa ido, kada ka yarda da duk abin da hukuma ta faɗa maka kai tsaye. Don a yi adalci, binciken ma'aikatar shari'ar Amurka a 2015 bai samu hujjar gurfanar da ɗan sandan ba, amma wani rahoton nata na daban ya tabbatar da cewa 'yan sandan Ferguson da kotun garin sun mayar da baƙaƙen fata saniyar tatsa, ana ta lafta musu tara a kan ƙananan laifuka don a cika asusun gari. Kaga kenan mutanen da suke cewa a zauna a farke ba mafarki suke yi ba, akwai abin gani.

Har yau iyaye baƙaƙen fata a Amurka suna zaunar da ɗansu in ya fara tuƙi su koya masa abin yi in ɗan sanda ya tsayar da shi: ka kashe mota, ka ɗora hannuwanka biyu a kan sitiyari inda zai gan su, kada ka kai hannu aljihu sai ka faɗa masa abin da za ka ɗauko, kada ka ɗaga murya ko da kai ne da gaskiya, ka dai dawo mana gida da rai. Wannan zaman shi ne woke na asali.

Toh daga 2014 zuwa 2017 sai kalmar ta bazu kamar me. A 2017 manyan ƙamus na turanci, Oxford da Merriam-Webster, suka shigar da ita da ma'anar mutumin da idonsa yake buɗe a kan wariyar launin fata da rashin adalci a cikin al'umma. Kuma a nan ne ma'anar ta fara faɗi, don yanzu fararen fata 'yan jami'a masu ra'ayin sauyi su ma sun ɗauka, kowa ya kawo damuwarsa ya sa a ciki, haƙƙin mata, sauyin yanayi, baƙin haure, maganar auren jinsi da masu sauya jinsi, har da irin kalmomin da ya kamata mutum ya furta da waɗanda bai kamata ba. Ta tashi daga gargaɗin da kake yi wa ɗan uwanka ta koma kirarin da mutum yake yi wa kansa, ni na waye ku ba ku waye ba. Kamfanoni kuma da suka ga akwai kasuwa sai suka shigo. A 2017 Pepsi ta yi wani talla da wata shahararriyar 'yar tallan kayan sawa, Kendall Jenner, an nuna ana zanga-zanga sai ta miƙa wa ɗan sanda gwangwanin lemo kowa ya hau murna, kamar abin da ya ci rayukan mutane lemo ne maganinsa. Mutane suka yi caa a kansu, washegari aka janye tallan aka ba da haƙuri.

Kuma gaskiya dole a faɗa, akwai abin suka a wannan sabon salon, ba duk mai sukarsa ne mugu ba. An samu mutanen da aikinsu kawai su tono wani tsohon rubutu da mutum ya yi yana yaro su taru a kansa har ya rasa aikinsa, ba uzuri ba karɓar tuba. Barack Obama da kansa a watan Oktoba na 2019 ya gaya wa matasa cewa wannan tunanin na ganin kai tsarkakakke ne, kullum kai ne woke, aikinka jifan mutane a intanet, ba shi ne gwagwarmaya ba kuma ba ya kawo canji. Su kansu baƙaƙen fatar tun wajen wannan lokacin, da yawa daga cikinsu suka fara jin kunyar kalmar, suna amfani da ita wajen tsokanar masu riya.

Sai 2020 ta zo. Ranar 25 ga Mayu ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa sama da minti tara a Minneapolis har ya mutu, wata yarinya ta ɗauki bidiyon a waya duniya ta gani. Zanga-zangar da ta biyo baya tana cikin mafi girma a tarihin Amurka, kamfanoni da jami'o'i suka rinƙa rige-rigen yin alkawura da buɗe ofisoshin daidaito tsakanin jinsi da launi. Martanin da ya biyo baya shi ma da ƙarfinsa ya zo, kuma 'yan siyasa masu ra'ayin mazan jiya suka gano cewa woke kalma ce gajera mai daɗin jifa, wadda za ka iya zuba duk abin da ba ka so a cikinta. Gwamnan Fulorida Ron DeSantis ya sa hannu a wata doka a 2022 da ya yi wa laƙabi da Stop WOKE, mai taƙaita yadda ake koyar da batun launin fata a makarantu da wuraren aiki, duk da kotun tarayya ta dakatar da wasu sassanta. Da ya sake cin zaɓe a Nuwamban shekarar ya ce Fulorida ce inda woke take zuwa ta mutu. Attajirin nan Elon Musk shi cuta ma yake kiranta, wai ƙwayar cuta ce mai kama ƙwaƙwalwa. Aka kuma samu taken go woke go broke, wato ka bi woke ka karye, wanda ya yi tashe a 2023 lokacin da aka ƙaurace wa giyar Bud Light saboda tallan da suka yi da wani mai sauya jinsi, har ta rasa matsayinta na wadda aka fi saya a Amurka. A watan Maris na 2025 Donald Trump ya tsaya gaban majalisa ya ce ƙasarsu ta daina zama woke, bayan tun a Janairu ya sa hannu a umarnin rufe waɗancan shirye-shiryen daidaiton a ma'aikatun gwamnatin tarayya.

Wani abu da ya faru a ƙarshen 2022 ya isa a tsaya a kansa. A wata shari'a a Fulorida aka tambayi babban lauyan gwamna DeSantis ya faɗi ma'anar woke, sai ya ce imani ne da cewa akwai rashin adalci da ya yi jijiya a tsarin al'ummar Amurka kuma akwai buƙatar a magance shi. Ka sake karanta wannan. Ko masu kalmar na asali ba za su musa wannan ma'anar ba, kuma ni ban ga abin zagi a cikinta ba, mutumin da aka bautar da kakanninsa shekara sama da 200, aka hana iyayensa jefa ƙuri'a a jihohin kudu har sai da aka yi dokar 1965, in ya ce akwai sauran rina a kaba ai bai yi ƙarya ba. Shi ya sa nake ganin ƙarfin kalmar a matsayin zagi yana cikin rashin fayyace ta ne, da zarar an ce fayyace sai ka ga ko dai an koma ma'anar farko, ko kuma kowa ya kawo tasa daban.

Ta kuma tsallaka teku. A Birtaniya jaridu da 'yan siyasa suna yaƙi da woke, a Faransa har sun yi mata nasu suna, wokisme, suna kallonta a matsayin baƙuwar aƙidar Amurka da za ta lalata musu tsarin jamhuriya. Mu ma ta iso mu ta waya, kuma a sigarta ta ƙarshe ta iso, sigar zagi. A tsakanin matasanmu in aka ce wance woke ce yawanci ana nufin ta kwaso ra'ayin Turawa, ko 'yar rajin mata ce, ko ana zarginta da sassauci a kan abin da addini ya haramta, kusan dai yadda ake amfani da 'yan boko aƙida. Na fahimci damuwar, mutum yana da haƙƙin ya ƙi abin da ya saɓa wa addininsa da tarbiyyarsa, kuma ya faɗa a fili. Amma in auren jinsi kake suka ka ce auren jinsi, in raina al'ada kake suka ka kira shi da sunansa. In ka ce woke kawai ka yi kuɗin goro, ka haɗa da uwar da take kukan ɗanta da aka harbe, ka haɗa da mai cewa a koyar da tarihin bauta a makaranta, kuma su waɗanda suka mayar da kalmar zagi a can da yawansu woke suke kiran mai kare Musulmi daga tsangwama, da mai kare baƙin haure 'yan Afirka, da ɗaliban da suka fito zanga-zanga saboda Gaza a jami'o'in Amurka a 2024. Wato a ma'auninsu kai ɗin da kake zagin wani da ita kana iya faɗawa ciki. Haka kuma na sha ganin an kira yarinya woke don kawai ta ce dukan mata ba daidai ba ne, ko ta ce a bar yara mata su gama makaranta, wannan kam zalunci ne, an toshe mata baki da kalmar da mai faɗinta ma bai san ma'anarta ba.

In ka ci karo da ita a rubutu yanzu, hanya mafi sauƙi ta gane wace woke ake nufi ita ce ka duba bakin da ta fito. In ka ga stay woke a haɗe, musamman daga baƙar fata ko a tsofaffin rubuce-rubucen 2014 zuwa 2016, toh ma'anar farko ce, a sa ido a kula. Wani lokacin ma matasa suna faɗinta cikin raha in sun kawo wani zargi na ƙulla-ƙulla, kamar su ce ku dai ku farga. In ka ga an ce fim ya zama woke, ko kamfani, ko jami'a, ko soja, toh suka ce, ana nufin an cusa siyasar launi ko ta jinsi a inda mai maganar yake ganin ba wurinta ba ne. Kalmomi irin su wokeness da wokeism da anti-woke kusan dukkansu daga bakin masu adawa suke fitowa. Da wuya yanzu ka samu ɗan gwagwarmaya a Amurka ya miƙe ya ce ni woke ne da gaske, yawancinsu sun sakar wa masu zagin kalmar, in suna maganarsu sai su ambaci abin kai tsaye, kisan da 'yan sanda suke yi, yawan baƙaƙen fata a gidajen yari, haƙƙin jefa ƙuri'a, da bambancin kuɗin da ake kashe wa makarantun unguwannin baƙaƙe da na farare.